Haƙoran Wucin Gadi

Litinin, 7 ga Mayu 2012, bayan la'asar

An yi. Leɓena na sama har yanzu kamar ba nawa ba, allurar ba ta sake ni ba. Ina rubutu da tawul a ƙarƙashin haɓa saboda yawu.

Kafin Dakta Bartholomew ya kunna injin sai da ya sake tambayata. "Hajiya, kin tabbata? Haƙori ba farce ba ne. Idan na fere, ba ya tsirowa." Na ce na ji. Ya ce in maimaita da bakina. Na maimaita.

Haƙoran gaba na sama ya fere, kaɗan-kaɗan, don ɓawon tangaran ya samu wurin zama a fuskarsu. Biniya suke ce masa. A Legas za a ƙera shi daidai da awon bakina. Kafin ya iso an liƙa min na roba, na wucin gadi. Farare ne tas, a haɗe, kamar katangar da aka shafa wa farar ƙasa. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne ƙaurin. Kamar ana babbake ƙafar saniya, amma a cikin bakinka.

Maigidana, Abban Hadi, ya biyo ya ɗauke ni daga Wuse da ya tashi daga ma'aikatarsu. A mota ya yi ta leƙena yana dariya. "Wace amaryar ce wannan?" Da muka wuce kwanar Kubwa sai ya ce, "Ni dai ban ce ki yi ba, Rukayya." Gaskiya ya faɗa. Ba shi ya ce ba. Maganar liyafar nan kuwa na riga na gaya wa kaina ba zan rubuta ta ba.

Gobe akwai atisayen muhawara.

Talata, 8 ga Mayu, hantsi

Ban je makaranta ba.

Laraba, 9 ga Mayu, bayan azahar

Na je. Na ja gefen mayafi na rufe baki, na ce mura nake yi. Yarana suka yi ta "sannu Malama", har wata ta kawo min citta. Kunya ta hana ni karɓa, na kuma karɓa.

Asta ce matsalata, gara in rubuta.

Shekarar da ta shigo makarantarmu daga rugarsu ta bayan Bwari, ba ta magana sai da tafin hannu a baki. Haƙoranta na gaba launin ƙasa ne, da ɗigo-ɗigo, 'yan aji suna kiranta Mai Goro. Ni ce malamar ba da shawara, aka turo min ita. Na tambaye ta inda aka haife ta, ta ce wajen Kaltungo, kafin su taso da shanu. Sai na buɗe mata bakina. Na ce, "Duba. Ruwan rijiya ɗaya muka sha. Ruwan can haka yake wa haƙoran yara, ba ƙazanta ba ce. Da wannan bakin na yi digiri, da shi nake koyarwa, ba wanda ya taɓa cewa bai ji abin da na faɗa ba." Ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi dariya, hannunta a cinya.

Yanzu ita ce mai magana ta farko a ƙungiyar muhawararmu. Idan ta tsaya, har masu shara sukan jingina tsintsiya. Gasar shiyya ranar Asabar 26 ga wata ce, a Bwari, kuma wadda ta yi fice za a kai sunanta neman gurbin karatu kyauta. Ba mu da wata kamarta. Ita ma ba ta da wata ƙofa kamar wannan.

Yau ta yi atisaye lafiya. Ta ce, "Malama, ki sha ruwan zafi da lemun tsami." Na gyaɗa kai.

Alhamis, 10 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Hannah, malamar Turanci da muke horar da su tare, ta tsare ni a ɗakin malamai.

"Madam Ruki, wannan mura naki ba tari, ba atishawa? Wane irin mura ne mai ladabi haka?"

Na ce ta ƙyale ni.

"Ko oga ya saya miki haƙorin Makka ne kina ɓoye mana? Buɗe mu gani, ba za mu ce ki ba mu aro ba."

A wurin atisaye kuma wani yaro ya tashi yin raddi, ya ruɗe ya goyi bayan abokan hamayya da dukkan ƙarfinsa. Aji ya fashe. Ni ma na fashe, mayafin ya zame.

Yaran suka yi ihu. "Malama! Wayyo, kin yi kyau!" Suka kewaye ni. Ta saman kawunansu na hango Asta a tsaye da takardarta. Ba ta matso ba. Da aka tashi ta zo ta gabana ta ɗan rusuna, ta ce, "Allah ya sanya alheri, Malama." Kamar yadda ake ce wa wanda ya sayi sabuwar mota.

Juma'a, 11 ga Mayu, bayan la'asar

Ta zo aji. Ba ta zo atisaye ba.

Asabar, 12 ga Mayu, da yamma

Na shiga kasuwar Dutse Alhaji cefane, na yi niyyar kauce wa layin masu nono, ƙafata ta kai ni. Hussaina, mahaifiyar Asta, ta hango ni tun daga nesa.

"Malama! Yau kin makara, na ajiye miki kindirmo a ƙanƙara."

Ta dama min fura a ƙaramar ƙwarya kamar kullum. Na kurɓa. Sanyin ya bi ta ƙarƙashin robar ya soke ni har ƙwaƙwalwa, idona ya kawo ruwa. Na ajiye ludayin.

"Ya yi tsami ne?"

"A'a, Inna. Haƙori ne."

Ta leƙo bakina, ta riƙe haɓa. "Ashe da gaske ne. Asta ta ce Malama ta yi sababbin haƙora, na ce ƙarya take, haƙori ba zane ba ne da za a canza. To tsofaffin fa, ina aka kai su?"

Na ce suna nan a ƙarƙashi.

"To me suka yi aka rufe su?"

Maƙwabciyarta ta ce, "Ke Hussaina, matan manya ne, kowa a garin nan gyara yake, gidaje ma rushewa ake a sake." Suka yi dariya. Na biya, na bar furar.

Na gaji. Ban yi komai ba yau, amma na gaji.

Litinin, 14 ga Mayu, bayan azahar

Na aika a kira Asta ofishina. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Hannun ya koma baki. Shekara uku ban ga hannun nan a wurin ba.

Na ce ta zauna. Na yi magana mai yawa, wadda na shirya tun a mota: cewa kowa da zaɓinsa, cewa ni babba ce, cewa abin da na gaya mata a da yana nan daram. Ina magana ina jin robar tana taɓa leɓena a kowace kalma.

Ta bari na gama. Sannan ta ce ta bayan yatsunta, "Malama, a ina ake yi?"

"Asta, ba ki buƙata."

"Ke ma ai ba ki buƙata."

Na ce maganar gasa fa? Ta ce a ba Ameera 'yar ƙungiyarmu gurbinta, ita haƙoranta farare ne. Na ce Ameera ba ta iya riƙe hujja daga farko zuwa ƙarshe ba, ita ma ta sani. Ta ce, "Za a ɗauka a talabijin, an ce." Na ce sai me? Ta dubi bakina kawai, ta nemi izinin komawa aji.

Ni da nake da amsar kowane yaro.

Talata, 15 ga Mayu, da safe

Ruwan ɗumi nake alwala da shi yanzu. Hadi ya ce, "Umma, me ya sa kike kurkure baki kamar tsohuwa?"

Laraba, 16 ga Mayu, ƙarfe biyar

Robar ta tsage a kan tsire ɗan ƙarami. Na koma Wuse. Ɗakin jira cike da matan daraktoci, kowace da waya biyu, sanyin na'ura yana shiga min ta tsagar. Wata ta ce min ita ƙawarta a Dubai ta yi nata. Na ce madalla.

Dakta ya cire robar gaba ɗaya don ya yi sabuwa. Ya fita ɗauko wani abu, ya bar madubi a kan tire. Ya ce kar in duba. Na duba.

Ba zan iya kwatanta su da kyau ba. Ƙanana, sirara, da rata a tsakaninsu. Launin ƙasar ma yana nan, ashe ya shiga ciki. Numfashina kaɗai yana sa su zogi. Na tuna Goggo tana goge min su da gawayi a bakin rijiya tana cewa wata rana za su fita.

Na Legas ba su iso ba. Wai launin bai yi daidai ba, an mayar. Mako mai zuwa, in sha Allah.

Alhamis, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Hannah ta gwada Ameera a gurbin farko. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Hannah ta raka ni mota ta ce, "Ruki, ki je ki lallashi yarinyarki. Ni ba zan iya ba, ba ni ta yarda da shi ba."

Na ce ni ma yanzu ba ni ba ce.

Abban Hadi ya ce akwai wata liyafar ranar Asabar, ta sallamar wani babban sakatare. Na ce kaina na ciwo. Ya ce ai Asabar da saura. Na ce zai kai.

Juma'a, 18 ga Mayu, azahar

Kujerar Asta ba kowa.

Lahadi, 20 ga Mayu, bayan magariba

Da hantsi Hussaina ta kira ni da wayar wani. Ta ce in zo, Asta ba ta iya cin abinci.

Hanyar rugar ta canza. Inda suke kiwo bara an kewaye da bulo, an kafa allon sababbin gidaje. Sai da na bar mota na taka.

Asta tana kwance a bukka, fuska a bango. Leɓɓanta sun kumbura. Da Hussaina ta matsa mata ta buɗe, dasashin sama ya yi fari fat kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, gefe yana jini.

Ga abin da ya faru. Ranar Alhamis an aike ta Zuba. A motar dawowa wani mai tallan magani ya tashi da 'yar kwalba, wai mai wanke haƙori, ya ɗiga a tsohon kwabo ya goge, kwabon ya yi ƙyalli a gaban kowa. Ta saya da kuɗin motarta na mako. Ya ce a shafa da auduga a kurkure nan take. Ita ta ga nata ya daɗe, sai ta jiƙa audugar ta danna ta bar ta a kai, ta kuma maimaita washegari.

Hussaina ta miƙo min kwalbar. Babu suna, babu komai. Warinta kamar ruwan batir.

Modibbo, mahaifinta, yana zaune a waje a kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baffa, ina neman izini in kai ta asibiti gobe."

Ya gyara zama a kan buzun. Sannan ya ce, "Malama, lokacin da kika zo nan kika ce in bar ta ta ci gaba da boko, na ce miki mu ba mu san hanyar ba. Kika ce ke kin sani, ta bi bayanki. To ta bi."

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

Ya ce in kai ta.

Litinin, 21 ga Mayu, bayan la'asar

Na ɗauki Asta a mota daga Bwari zuwa Wuse. Tana kallon dogayen gine-ginen da ake ta ɗagawa.

Dakta Bartholomew ya duba ta, ya shinshina kwalbar, ya yi tsaki ya jefa a kwandon shara. Ya ce dasashin zai warke. Fuskar haƙoran ta ɗan ci, amma Allah ya taimaka ba ta yi nisa ba. Ya wanke, ya shafa magani, ya ce ba tsami ba yaji sai ta warke.

"'Yata, wa ya ce ki sa wannan abu a baki? Da shi ake wanke bayan gida."

Ta yi magana da ƙyar. "Likita, ka yi min irin na Malama."

"Shekarunki nawa?"

"Sha shida."

"Ko babanki ya kawo min shanunsa duka ba zan taɓa ba. Ki dawo idan kin girma, mu zauna mu yi magana, akwai hanyoyi masu sauƙi da ba sai an fere ba."

Ta juya kai. Na san wannan juyawar. Ta ji dai an hana ta abin da aka ba ni.

Sai na ce, "Dakta, ka cire min robar."

Ya ce ba yau ba ne. Na ce na sani, ya cire, zai iya mayarwa. Ya dube ni, ya dube ta, ya ce in hau kujera.

Da ya cire, na ce Asta ta matso. Na buɗe. Iskar ɗakin ta shiga, hawaye suka zubo min ba da niyya ba. Ta sunkuyo sosai, har ina jin warin maganin bakinta.

"Malama, ina sauran?"

Na ce an fere.

"Za su dawo?"

Dakta ya ce, "Har abada. Kuma abin da za a liƙa mata ba na dindindin ba ne. Bayan wasu shekaru zai tsufa ko ya fashe, a cire a sa wani. Haka za ta yi ta zuwa wurina ko wurin wani har ƙarshen rayuwarta. Na gaya mata."

"Ya gaya min," na ce.

"To me ya sa?"

Na so in ba ta amsa irin ta malamai. Bakina a buɗe, ba roba, ban iya ba. Na ce wata mata ce ta faɗi wata magana a kan haƙorana a liyafar nan, a gaban mutane, aka yi dariya, ni ma na yi, sannan na ɗauko maganar na kawo gida na yi ta kwana da ita.

Ta ce, "Ke ma, Malama?"

"Ni ma."

Ta zaro takardar goge baki daga kwalin Dakta ta miƙo min.

Na sauke ta a bakin hanyar ruga. Ban tambaye ta maganar Asabar ba. Ba ni da bakin tambaya.

Talata, 22 ga Mayu, da safe

Barci nake ji tun kafin in tashi.

Laraba, 23 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Sun iso. An liƙa.

Gaskiya ita ce suna da kyau. Na so a ce ba su da shi, da na fi samun sauƙi. Ba su yi farin roba ba, suna da ɗan haske kamar na gaske. Zogin ya ragu. Na tsaya a madubin banɗakin asibitin na yi murmushi, wata mata ta yi min murmushi, na ji daɗi, sannan na ji haushin jin daɗin.

Hadi ya ce in yi "iii" ya gani. Abban Hadi ya ce, "To, an huta." Na ce eh.

Alhamis, 24 ga Mayu, bayan azahar

Asta ta dawo aji, kumburin ya sauka. Hannah ta ce ta gan ta a bayan ɗakin gwaje-gwaje ita kaɗai tana magana da bishiyar mangwaro, tana nuna ta da yatsa. Na ce kar ta kula ta. Mun bar sunan Ameera a gurbin farko.

Juma'a, 25 ga Mayu, la'asar

Ban kira ta ba. Ta wuce ta ƙofar ofishina, ta rage sauri, ta wuce.

Asabar, 26 ga Mayu, bayan la'asar

Direba ya tada motar makaranta, muna shirin fita, sai ga Asta a kan acaɓa, rigarta a goge. Yara suka yi shewa. Ameera da kanta ta ce, "Alhamdu lillahi, wallahi tun jiya nake addu'ar ki zo."

Ba ta shiga ba. Ta zagayo ta tagar da nake.

"Malama, zan yi. Amma ina roƙon abu ɗaya."

"Faɗi."

"Kar ki zauna a gaba. Idan na ɗago na gan ki, bakinki zan kalla, sai in manta abin da zan ce."

Hannah ta ce, "Ke Asta, haka ake wa malama magana?" Na ce ta bar ta, ta yi daidai.

A zauren na wuce kujerun malamai, na wuce na iyaye, na je can ƙarshe kusa da ƙofa inda direbobi ke tsayawa. Wani dogo ya tsaya a gabana. Ban ce ya matsa ba. Na ga fitilar masu ɗaukar hoto ta kunna, na ji an kira sunan makarantarmu, sannan nata.

Na riƙe ƙarfen ƙofa.

Sai muryar ta fito. Ta ɗan shaƙe a gaisuwar farko, dasashin bai gama warkewa ba. Daga nan ta miƙe. Hujja ta farko, ta biyu, ta juya kan abokan hamayya ta mayar musu da maganarsu ɗaya bayan ɗaya. Direban da ke gabana ya ce wa na kusa da shi, "Kai, 'yar wa ce wannan?" Na buɗe baki zan ce tawa ce. Na fasa. Na ce, "'Yar Modibbo ce, daga rugar bayan gari."

Mun zo na biyu. Ita aka ba lambar gwarzuwar mai magana, sun rubuta sunanta don neman gurbin karatun.

A dawowa kusa da Hannah ta zauna. Ni ina gaba wajen direba, ina jin su suna waƙa. Da muka zo bakin hanyar ruga ta sauka, motar ta fara tafiya, sai ta buga gefenta da hannu. Direba ya taka burki. Ta leƙo ta tagata.

"Malama, kin ji ni daga can?"

Na ce na ji kowace kalma.

Ta ce, "To. Sai Litinin."